Wadari Kafin Ƙoshiya

Duk ɗalibin Hausa ya san "saƙa da warwara" da "saƙa da mugun zare", amma kaɗan ne suka taɓa zama a masaƙar da ta haifi waɗannan kalamai. Ni kaina sai da na fara koyon saƙa a Malanbil, garin Benin da ke bakin Kogin Kwara daura da Gaya ta Nijar, na gane nauyinsu.

Tsohon masaƙin da ya karɓe ni bai miƙa mini ƙoshiya da wuri ba. Wadari ya sa ni: a kafa turaku, mutum ya yi ta kai da komowa da zare, yana ƙidaya kowane sili. Ran da na yi ƙorafi ya ce, "Ɗana, a nan ake saƙar. Sili ɗaya ya kuɓuce, mayafi ya tona asirinka."

Bayan haka aka zura zaren cikin allera da matsefi, aka ɗaure ƙarshensa a kunkuru, wato abin da ake ɗora wa dutse don zare ya miƙe. Sannan ƙafa ta taka, hannu ya jefa ƙoshiya, matsefi ya danne abawa. Ƙyallen da ke fitowa bai fi faɗin tafin hannu ba, sai an ɗinke da yawa kafin a sami mayafi.

Yanzu atamfar waje ta cika kasuwar Malanbil, jikokin Baba kuwa ba su san allera ba. In masaƙa ta mutu, waɗannan kalmomi a ƙamus kaɗai za mu same su.