JIMETA, GARIN DA RANA KE SHANYE RUWAN BATIR

Baƙon da ya sauka a tashar Jambutu ta Jimeta cikin watan Maris ko Afrilu, abin da zai fara yi masa maraba shi ne zafi. Garin yana kwance ne a kwarin kogin Binuwai, kuma a wannan lokaci ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. Mutum dai ya nemi inuwa ya sha ruwan randa, amma batirin motar da ta kawo shi daga Gombe ko Jalingo, wanda ke ɗaure dab da inji, ba shi da wurin fakewa.

Yola da Jimeta tagwaye ne, amma kowace da halinta. Yola ce babba, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma a can fadar Lamiɗo take. Ita kuwa Jimeta a bakin ruwa ta tashi, inda jiragen kamfanonin Turawa kan tsaya da damina. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, wadda daga cikinta aka fitar da Adamawa a 1991, sai ma'aikatu suka yawaita, sufuri ya koma kan titi. Ta haka ne bakanikai da masu gyaran waya da masu cajin batir suka kafa rumfunansu a gefen tashoshi da manyan hanyoyin garin.

Rumfar mai batir ba ta ɓuya. Ga batura jere a kan katako, wayoyi ja da baƙi sun sarƙe su, ga warin asid, ga rigar mai rumfar duk ƙananan huji. Direbobin Mubi da Numan da Ganye sukan iso da kuka iri ɗaya, wai batir ya mutu. Sau da yawa kuwa batirin bai yi laifin kome ba. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Batirin ƙaramar mota ɗakuna 6 gare shi, kowane yana ba da wajen bolt 2, a ciki kuma akwai farantan darma nutse cikin ruwan asid. Abokan gābarsa a wannan ƙasa biyu ne. Na farko rana, wadda ke ƙafar da ruwan har kan farantan ya bayyana, su lalace. Maganin wannan shi ne a riƙa buɗe murafun, in mai murafu ne, a ƙara tataccen ruwan batir, ba na rijiya ko na kogi ba, ba kuma asid ba, domin ruwan ne ke ƙafewa. Na biyu gargadar hanya. Batirin da aka ɗaure da igiya ko tsinken roba, bayan ƙarfen da ke riƙe shi ya ɓace, yakan yi ta karo da mazauninsa har jikinsa ya tsage.

A da, lokacin da ake rufe saman batir da kwalta, gwanaye sukan narka ta su zaro farantan su sake sababbi. Na yanzu jikin roba ne, sai dai liƙi. In tsagar ƙarama ce kuma tana can sama da ruwa, akan tsabtace wurin, a ɗora gutsuren roba irin tasa, a goga ƙarfe mai zafi har su haɗe. Aikin yana da hatsari, gama batir yana fitar da iska mai kama wuta, musamman in yanzu ya sauka daga caji; taba sigari ko tartsatsi kaɗan na iya fasa shi a fuskar mutum. Amma wanda ya tsage ta ƙasa, ko ya kumbura, to ya gama aiki, sai a kai wa masu sayen tsoho. Kada a fasa shi a gida, don darma guba ce, ga yara tun ba.

Babban abin da ya kamata mai mota ya gane shi ne, batir tulu ne kawai. Mai cika shi ita ce altanita, magajiyar dainamo, wadda fambel ke juyawa. In ba a zuba wa tulu ruwa ba, sake tulu ba ya kashe ƙishirwa. Saboda haka kafin ya kwance lalitarsa, sai ya duba abu uku. Ya taɓa fambel ya ji ko ya saki. Ya dubi kawunan batir, in farin gari ya taru a kansu ya kwance su, ya fara da na baƙar waya, ya wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ya ɗaure tam. Sa'an nan ya ɗora mita. Lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 in inji yana kashe, in an tayar kuwa ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, altanita ba ta caji, wataƙila burushinta ya cinye. In kuma ya zarce 15, katawut ya lalace, yana dafa batirin, wanda dama rana ta riga ta gasa.

Akwai wata al'ada da ta rage tun zamanin tsofaffin Fijo, wato a cire kan batir inji yana tafiya, a ga ko zai mutu. Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwar lantarki, kuma wannan gwaji yana iya ƙone ta, garin neman gira a rasa ido.

Da la'asar sakaliya, iskar Binuwai takan fara kaɗawa, masu rumfa su soma kwance wayoyi, motocin Girei da Song su yi layi su hau gada. Direban da ya yi waɗannan dube-dube kafin ya tashi zai kwana a gida. Wanda ya ce sai gobe kuwa, mai yiwuwa fitilarsa ta yi ta dushewa har ta mutu a tsakiyar daji, ya roƙi fasinjojin da suka biya kuɗin mota su sauko su yi turi.