Na'ura Ta San Siffa, Ba Ta San Ma'ana Ba

Duk wanda ya yi aikin gyaran labari a jaridar Hausa ya san wahalar haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Wakilanmu kan aiko da rahoto daga wayoyin da ba su da su, sai wannan ya rubuta k'asa, wancan ya rubuta 'kasa, wani kuwa ya bar ta kasa kawai. Alhali ƙasa daban, kasa daban, kamar yadda baƙi ya bambanta da baki.

Abin da ya rage mini wannan jidali shi ne wata dabara da masana kwamfuta ke kira regex. Wani masanin lissafi a Amurka, Stephen Kleene, shi ya aza harsashinta a 1951, sa'an nan Ken Thompson ya bayyana yadda za a yi nema da ita cikin rubutu a 1968. Maimakon mutum ya nemi kalma guda, sai ya kwatanta wa na'ura siffar abin da yake nema. Alal misali, [0-9]+ na nufin jerin lambobi komai tsawonsa, [aeiou] kuwa kowane wasali.

To, amma sai da lura. Idan aka ce a mai da kowane d' ya zama ɗ, sunan Ahmad da ya zo a ƙarshen zance, alamar rufe magana na biye da shi, zai koma Ahmaɗ. Saboda haka nakan gindaya sharaɗi: kada a canza sai in wasali, ko w, ko y ne ke biye, domin ƙwarai da ƙyalle su ma su shiga. Kalmomi irin su jama'a da ma'aikata kuwa ba a taɓa su. Da haka, aikin awa guda kan ƙare kafin shayi ya huce.

Inda dabarar ke tsayawa cik shi ne inda wakili bai bar wata alama ba. In ya rubuta "baki ya mutu", babu siffar da za ta gaya wa na'ura abin da yake nufi. Sai edita ya karanta jimlar da idonsa. Don haka ina roƙon 'yan'uwana matasa 'yan jarida su koyi regex, amma kada su aika shafi maɗaba'a ba su bi shi layi-layi ba. Kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum ko a labarin kotu, jarida ce ke ɗaukar kunyarsa.