Mansoor, Daga Wannan Gefen Kogi

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da wata cuta: ko fim muke kallo, kuskure muke nema. A Mansoor, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a ƙarƙashin FKD a 2017, ba a rasa abin tsinta ba. Farkonsa ya yi jan ƙafa, wasu waƙoƙin kuma sukan tsayar da labari cak. Duk da haka muna komawa gare shi.

Caca Ali Nuhu ya yi. Ya ɗora fim sukutum a kan Umar M. Shareef, wanda a lokacin mawaƙi muka san shi, da Maryam Yahaya, wadda ba ta yi suna ba tukuna. Umar bai goge ba, ana gani. Amma sanyin muryar nan tasa, da ke sa ka ɗauke shi ɗan gata a farko, shi ne ya rikiɗe ya zama nauyi bayan Mansoor ya gano asalinsa ba yadda aka faɗa masa ba ne. Bai cika fuska da kuka ba. Ya yi kama da yaron da aka zare wa tabarma yana zaune. Maryam kuwa kunyarta ba ta haddace ba ce, idonta kan riga bakinta magana.

Wannan ɓangaren na asali ne ya fi taɓa mu. Umar ɗan Rigasa ne, can ƙetaren kogi, mu kuma muna Barnawa da Kakuri. Tun rikicin 2000 da na 2002 Kaduna ta rabu, kowa ya matsa inda nasa suka fi yawa. A nan "ɗan waye?" ba tambayar hira ba ce. Ita ke yanke wa za a ba hayar gida, wa za a ba 'ya. Kusan kowannenmu ya san wata soyayya da ta shekara uku lafiya, ta mutu cikin mako guda da manya suka fara bincike.

A wurin aikinmu akwai wadda ta taso a Narayi, Hausarta ta cefane ce kawai. Mun kunna mata fim ɗin a waya muna fassarawa. Da aka zo inda gaskiya ta fito, sai ta ɗaga mana hannu, ta ce mu yi shiru, ta gane.