Mil Hamsin a Awa Ɗaya

Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa. Ban taɓa zaton wannan karin magana zai shafi kallon fim ba, sai ranar da na sake zama gaban Speed, fim ɗin Amurka na 1994 wanda Jan de Bont ya ba da umarninsa.

Na fara ganinsa ne ina saurayi, a kaset ɗin bidiyo, mu wajen goma a ɗakin wani aboki. Labarin ba shi da tsawo. Wani tsohon ɗan sanda ya dasa bam a jikin wata bas ta haya a birnin Los Anjalis, yana neman dala miliyan 3.7. Da zarar gudun motar ya kai mil 50 a awa sai bam ya ɗanu, in kuwa ya sauka ƙasa da haka sai ya tashi. Keanu Reeves ne ɗan sandan da ya dira cikin motar, Sandra Bullock kuma fasinjar da ta karɓi tuƙi bayan an harbi direba. Tun da motar nan ta ɗauki gudu, ba wanda ya sake taɓa gyaɗar da ke gabanmu.

Armashin irin waɗannan finafinai ke nan. Alfred Hitchcock, gwanin wannan fanni, ya bambance razana da zullumi: in bam ya fashe ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci, amma in an nuna masa bam ɗin tun da fari, to ya shiga zaman ɗar-ɗar har ƙarshe. Mu ma an nuna mana, aka bar mu da zura wa allurar gudu ido.

Bayan shekaru masu yawa na sake kunna fim ɗin, tare da kawuna, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana bin hanyar Kano zuwa Legas. Da aka zo inda bas ta tsallake giɓin ƙafa 50 a kan gadar da ba a gama ginawa ba, sai ya yi dariya, ya ce mota mai wannan nauyi ba tsuntsu ba ce. Wannan bai dame ni ba, domin kowa ya san ƙaryar fim. Tambayar da ya yi bayan an gama ce ta kashe mini jiki.

Ya ce, "Ɗana, baiwar Allahn nan da ta faɗa ƙarƙashin taya, ba ta da kowa ne?"

Na ce, "Wacce fa, Kawu?"

Helen yake nufi, fasinjar da tsoro ya sa ta nemi fita, aka tayar da ƙaramin bam a bakin ƙofa ta hallaka. An yi jimaminta kaɗan, mota ta ci gaba, fim ya ƙare da soyayya. Ni da na kalle shi sau biyu ban riƙe ta ba. Shi kuwa, da ya sha ɗauke gawa a bakin titi, ita kaɗai ya riƙe.

A nan na gane aibin abin. Irin wannan fim tamkar motar da ke cikinsa yake: muddin ya rage gudu, hankalin mai kallo zai dawo ya fara tambaya, labari ya wargaje. Saboda haka ba a ba ka sukunin tunani, balle na tausayi. Da aka yi kashi na biyu a 1997, aka mai da labarin cikin jirgin ruwa mai tafiyar hawainiya, sai asiri ya tonu, masu kallo da masu sharhi suka yi tir da shi.

Ba ina cewa a daina kallo ba ne, ya kai mai karatu, domin har gobe in na ji an ɗana bam a fim sai na gyara zama. Abin da kawai ya sauya shi ne, yanzu in an gama nakan ƙirga waɗanda aka bari a hanya, in ga ko akwai wanda na san sunansa.