Karatun bayan isha'i a zango

Yaron da aka haifa a zangon Kumasi da harshe uku yake tashi: Hausa a gida, Twi a kan titi, Turanci a makaranta. Ga kuma Larabcin allo da yamma. A cikin huɗun nan, Hausa ce kaɗai ba mai nuna masa ita a takarda, domin ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta sa a koyar a firamare. In iyaye ba su yi ba, to an bar ta ke nan.

Ni goro nake sayarwa, rabin wata a hanya nake yinsa. Amma duk daren da na kwana gida, bayan isha'i sai na buɗe wa yara littafi, ko da na minti goma ne. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam muka fi karantawa, wadda aku ke tsare ɗan sarki da labari don kada ya fita. Ni ma da labarin nake tsare nawa daga wayar uwarsu.

Ba wani fasaha a ciki. Ina ɗora autata a cinya, yatsana na bin kalma ɗaya ɗaya, in canza murya in an zo kan sarki ko wawa. In labari ya yi daɗi sai in rufe littafin, in ce sai gobe. A yi ta magiya, ni kuwa ko gezau. Tana shekara huɗu ta fara nuna min harafin farko na sunanta a jikin buhun shinkafa.

Wani abokina a kasuwar Kejetia ya ce zan rikita su, su kasa Turanci. Ban yarda ba. Hausar boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ita kuwa Turanci a rubuta wani abu a faɗi wani. Yaron da ya gane cewa harafi sauti ne da yaren da yake mafarki da shi, ya riga ya ci rabin aikin aji ɗaya.

Akwai kuma maganar kunne. Hausar zangonmu Hausa ce, ban raina ta ba, amma yaranmu "ya zo" suke ce wa mace, ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakinsu. Ranar da aka kai su Katsina sai 'yan'uwa su yi ta dariya, yaro ya kama bakinsa, har kakarsa ta ɗauka miskili ne. Wannan abu yana min ciwo. Da suka ga lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a takarda, suka ji ni ina furta su, sai harshen ya fara gyaruwa da kansa.

In ina hanya, nakan karanta shafi biyu in tura musu murya ta WhatsApp, babban ya riƙe littafin yana bi da yatsa. Uwarsu ba ta yi boko ba, amma ta fi ni tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Tana faɗa, shi yana rubutawa, gobe ya karanta wa ƙannensa.

Littattafan dai ba a samunsu a nan. Direban da ke sauke min kaya a Kano nake ba sautu, ya sa min a leda saboda damshin goro.