Ana Kira Na Injiniya, Amma Ko IC Ɗaya Ban Taɓa Ƙerawa Ba

Wata Hajiya ce ta kawo min wayarta shago, ta mutu murus, ko alamar caji ba ta nunawa. Atamfa da turaren wuta take sayarwa ta WhatsApp, don haka lambobin kwastomominta, hotunan kaya, har lissafin waɗanda take bi bashi, duk suna ciki. Tun kafin ta zauna ta ce, "Injiniya, don Allah ka taimaka, jarina ne a cikin nan."

Na kwance wayar, na ɗora mita a kan fanel, na bi a hankali har na gano IC ɗin da ke raba wuta ne ya ƙone, wanda aka rubuta wa MT6357 a baya. Cajar banza ce ta jawo, irin mai arhar nan da ake talla a bakin titi. Kai ma in ita kake sa wa wayarka, gara ka rabu da ita tun wuri. Girman IC ɗin bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na zaga layinmu kaf, babu. Na kira mai kawo mana kaya, ya ce sai sabon kaya ya iso daga Chaina, sati biyu ko uku, kuma kar in riƙe tsohon farashi domin dala ta motsa. Da na yi wa Hajiya bayani sai ta dube ni ta ce, "Wai ku duk yawanku a kasuwar nan, babu mai iya ƙera ɗan abin nan?"

Dariya na yi, amma ta yaƙe ce. Shekarata bakwai a gyaran waya, tun ina aji biyar a sakandare nake zuwa wurin ogana bayan an tashi. Na iya canja sikirin ido a rufe, na iya ɗaga IC da bulowa in zauna da shi daram. Sai dai duk abin da hannuna ke taɓawa, daga sikirin, batir, bakin caji, dalma, har sukundireban kansa, babu ko ɗaya da aka yi a ƙasar nan. Ka ɗauka ka biya ni dubu goma kuɗin gyara. In na tsira da dubu biyu ko uku na gode Allah. Sauran sun bi mai kawo kaya, shi kuma ya canja su zuwa dala ya tura waje. Shi ya sa da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, mu muka fara shan zagi. Mutum zai zo da fasasshen sikirin, ka faɗa masa kuɗi, ya ce kai ɓarawo ne, alhali kai ma tsintar farashin ka yi da safe.

Daren ranar ban yi barci da wuri ba, na dinga bincike a waya: wai ina ake yin abin nan? Kafin in faɗa maka, gwada wannan. Sauke manhajar CPU-Z ka buɗe, za ta nuna maka sunan furosesar wayarka, wato ƙwaƙwalwarta. In Tecno ce ko Infinix, sau da yawa za ka ga MediaTek, ko sunan Helio.

Hedkwatar MediaTek tana wani gari mai suna Hsinchu a tsibirin Taiwan, tsibirin da mutanensa ba su wuce kusan miliyan 23 ba. Labarin garin ne ya riƙe ni. A 1973 gwamnatinsu ta kafa cibiyar binciken masana'antu da ake kira ITRI. A 1976 suka tura matasan injiniyoyi Amurka, kamfanin RCA, su koyo yadda ake ƙera IC, suka dawo suka kafa ƙaramar masana'antar gwaji. A 1980 aka buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu, dab da manyan jami'o'i biyu, Tsing Hua da Chiao Tung. Daga cikin cibiyar nan kamfanin UMC ya fito a 1980, TSMC ya biyo baya a 1987 ƙarƙashin Morris Chang, sannan MediaTek ya ɓalle daga UMC a 1997. Lissafa ka gani: shekara 24 tsakanin dasa bishiyar da fitowar kamfanin da sunansa ke kan IC ɗin Hajiya. Yau TSMC ke ƙera fiye da rabin irin waɗannan ƙwaƙwalen da kamfanoni ke bayar da kwangilarsu a duniya, har da na iPhone.

Wannan shi ake nufi da cibiyar fasaha mai zurfi. Wuri ne da malamin jami'a mai bincike, ɗakin gwaji mai injina masu tsada, masana'anta, da mai kuɗin da ya yarda ya jira shekara goma bai ga riba ba, duk suke unguwa ɗaya. Ɗalibi ya gama karatu ya tsallaka titi ya sami aiki. Ma'aikaci ya ƙware ya fita ya buɗe nasa, ya ɗauki wasu. Kamfani ɗaya yana buƙatar mai yi masa sinadari, mai gyara masa inji, mai kwali, mai jigila, mai abinci. Kaya su fita, dala ta shigo, gwamnati ta karɓi haraji. Ta nan arzikin ƙasa ke hauhawa, kuma wani ɓangare na dubu goman da ka ba ni can yake ƙarewa.

Amma gaskiya labarin Shenzhen ta Chaina ya fi kama da mu. A 1980 aka ware ta a matsayin yankin kasuwanci na musamman, yanzu mutanenta sun haura miliyan 17. A can kasuwar Huaqiangbei take, inda yawancin kayan gyaranmu ke fitowa. In ka kalli bidiyonta sai ka ce Farm Centre ta Kano ce ko Computer Village ta Ikeja aka ɗora bene a kan bene: ƙananan kantuna, samari sun duƙufa a kan fanel da soldarin. Ka tuna wayoyin 'yan Chaina na da, masu layi biyu da eriyar talabijin da sifika mai tayar da unguwa, waɗanda muke yi wa dariya? Irin waɗannan ƙananan masu haɗa waya ne suka yi su, a kan ƙwaƙwalwar MediaTek. Da kwaikwayo suka fara. Bambancinsu da mu shi ne, yaron da ya zana fanel yau zai iya kai wa masana'anta a cikin gari a buga masa, ya gwada, ya gyara, ya sake kaiwa. Yau a wannan birnin hedkwatar Huawei take, da DJI masu jirage marasa matuƙi, da Transsion, uwar Tecno da Infinix da itel.

Mu ma ana buɗe wuraren da ake kira cibiyar fasaha, kuma ban raina ba. Akwai cibiyar NCAIR a Abuja ƙarƙashin NITDA mai aikin ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi, akwai shirin 3MTT da aka fara a 2023 don horar da matasa miliyan uku. Na taɓa zuwa wata ƙaramar cibiya da wani abokina ya ja ni. Ɗaki ne mai sanyi, kujeru masu kyau, kowa da laftof, ana koyar da haɗa manhaja. Abu ne mai kyau, wasu na cin abinci da shi. Amma na duba ko'ina ban ga ko soldarin ɗaya ba. Da na ce gyaran waya nake yi, sai aka ce in yi rajista a koya min kwamfuta daga farko. Babu wanda ya tambaye ni me na sani game da fanel.

Nan ne nake ganin ana barin kuɗi a ƙasa. Ba cewa nake gobe mu gina irin TSMC ba. Wannan aikin biliyoyin dala ne, yana son wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai tsabtar gaske, mu kuwa ko bulowata sai na tayar da janareta. Amma caja mai inganci fa? Fanel ɗin fitilar sola, na'urar daidaita cajin sola, haɗa batir, sabunta gilashin sikirin? Waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba. Na san yara a kasuwa da ke haɗa fawabank daga batiran tsofaffin laftof, ba wanda ya koya musu lissafin, da ƙona yatsa suka koya. A ce akwai wuri ɗaya kusa da kasuwa, mai tsayayyiyar wuta da injin buga fanel da kayan awo, inda malamin lantarki daga jami'a ko kwalejin kimiyya zai zauna benci ɗaya da irinmu, shi ya kawo lissafi mu mu kawo hannu, wallahi ni zan rufe shago kwana biyu a sati in je.

Wayar Hajiya dai ban jira Chaina ba. Ina da kwali a ƙarƙashin tebur cike da gawarwakin wayoyi, na zazzage shi har na sami fanel mai irin IC ɗin, na ɗaga, na share ƙafafunsa, na sake masa dalma, na dasa. A gwaji na biyu ta kawo wuta. Ta buɗe WhatsApp ta ga lissafinta yana nan, ta yi ta sa albarka, har ta ƙara min dubu ɗaya a kan kuɗin aiki. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Ka gani ko, Injiniya, ashe kun iya." Ban gaya mata daga gawar wata wayar na ciro ba.