Faɗan da Babu Ruwanka

Bayan sallar isha'i, idan sanyin duwatsun Abzin ya fara sauka bisa garin Timia, akwai wani gida kusa da lakwal inda maƙwabta sukan taru, a shimfiɗa tabarmi, a ɗora butar shayi bisa gawayi. Gidan wani malamin makaranta ne, Bahaushe ɗan kudu, wanda aiki ya kawo shi cikin Abzinawan Kel Ewey shekaru da dama da suka wuce. Yana da ɗan akwatin talabijin da batir, wanda faifan hasken rana yake cika masa da yini. Duk wanda zai sauka Agadas, tafiyar fiye da kilomita 200 bisa dutse da rairayin ƙorama, malamin yakan ba shi sautu ya ɗauro masa wasanni a katin waya.

A cikin irin wannan sautu ne aka kawo masa C'est la vie, wasan da aka fara nunawa a shekarar 2015, wanda marubuciyar nan ƴar Kodebuwa, Marguerite Abouet, ta tsara labarinsa, aka kuma ɗauke shi a Dakar. Labarin yana gudana ne a wani ɗan gidan likita na unguwar da aka ƙaga aka sa mata suna Ratanga. A can akwai Korsa, ungozoma mai zafin baki da son abin hannun mutane, akwai Assitan, ungozoma mai tausayi da riƙon amana, ga kuma likita Moulaye a tsakaninsu. Kullum da irin rikicin da ake kwana da shi: wannan ya ɓoye wa wancan magana, wata ta ji rabin zance a bayan ƙofa ta ƙarasa sauran da kanta, a wayi gari kowa na fushi da kowa bisa abin da bai faru ba. Malamin yakan tsayar da hoton ya fassara wa waɗanda maganar ta wuce su, wani saurayi kuma ya mayar da Tamajak don tsofaffi. Akan yi dariya har shayi ya huce a kofi.

Wani dare, ana tsakiyar dariyar wata rigima da ta sarƙe tsakanin ma'aikatan, sai wata dattijuwa da ke zaune gefe, wadda ta koyi Hausa a bakin mijinta madugu, ta gyara lulluɓinta ta ce, "Mushe, ita wadda aka kwantar ɗazu fa? Tun da suka fara faɗan nan ban ga wanda ya leƙa ta ba."

Malamin ya ce, "Inna, ai wasa ne."

Ta ce, "Na san wasa ne. Ina tambaya ne ko an ba ta magani."

Aka yi mata dariya, aka ci gaba da kallo. Amma malamin bai yi barci da wuri ba a daren nan, domin tambayar ta tono masa wani abu da ya daɗe yana ɗauke da shi ba tare da ya dube shi da kyau ba.

Lokacin yana sabon ɗauka a aikin koyarwa, zazzaɓi mai tsanani ya kama mahaifiyarsa, ya kai ta wani babban asibiti a wani birni na kudu. A ɗakin da aka kwantar da ita akwai majo da wata ma'aikaciyar jinya da ba sa ga maciji da juna. Kowa a asibitin ya san dalili: ya yi mata alkawarin aure, sannan ya je ya auri ƙawarta mai aiki a ɗakin ba da magani. Tun daga ranar ba ta ƙara yi masa magana baki da baki ba. Duk saƙon da ke tsakaninsu sai ta hannun wani dattijo mai shara. Ran nan likita ya zagayo da safe ya canza wa tsohuwar magani. Ma'aikaciyar ta rubuta a ƴar takarda ta miƙa wa mai shara ya kai wa majo. A hanya matar majo ta tare shi ta aike shi sayen abinci, ya cusa takardar a aljihu, ya mance. Da majo ya gan shi da rana yana ɓoye-ɓoye, ya zaci wasiƙar neman sulhu ce aka aiko masa, sai ya kau da kai don kada matarsa ta gani. Kwana biyu tsohuwa tana kwance ba a fara mata sabon maganin ba. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma sai da ta ƙara mako guda a gadon asibiti, malamin kuma ya sayar da ragon da yake kiwo don layya.

Abin da ya hana shi barci shi ne yadda shi kansa ya riƙa ba da wannan labari. Shekara da shekaru yana ba abokan aiki shi a matsayin abin nishaɗi. Ya iya kwaikwayon tafiyar mai shara, ya iya hararar ma'aikaciyar, ya iya yadda majo ya haɗiye miyau. Malamai sukan yi dariya har su riƙe ciki. A duk tsawon labarin, mahaifiyarsa ba ta wuce jimla ɗaya ba, a farko. Daga nan sai ta ɓace, kamar yadda matar nan ta Ratanga ta ɓace. Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To, shi wannan faɗa da ruwansa a ciki tsundum, amma ya mayar da kansa ɗan kallo domin labarin ya yi daɗin bayarwa.

Alal haƙiƙa, masu wasan ban dariya sun daɗe da gane cewa gidan likita fage ne mai albarka. Tun a 1666 Molière ya rubuta Le Médecin malgré lui, wanda ɗaliban Nijar da dama suka karanta a aji: mai saran itace ne matarsa ta ƙulla masa sharri don ta rama dukan da ya yi mata, ta ce shi babban likita ne amma ba ya amsawa sai ya sha sanda. Aka lakaɗa masa duka har ya yarda, aka kai shi ya warkar da budurwar da ita ma bebantakar ƙarya take yi don gudun auren dole. Maƙaryaci ke duba maƙaryaciya, uban yarinya na biyan kuɗi. A Amurka kuwa, daga 1972 zuwa 1983, an yi ta nuna M*A*S*H, labarin likitocin soja a yaƙin Koriya. A wani kashi na 1973, likita Hawkeye ya ƙagi wani hafsa mai suna Kyaftin Tuttle don ya fake da shi yana kwasar kayan sansani yana ba gidan marayu. Kafin a ce kwabo, kowa ya fara cewa ya san Tuttle, shugabar ma'aikatan jinya ta kamu da sonsa ba ta taɓa ganinsa ba, masoyinta ya shiga kishi, har wani janar ya zo ba shi lambar yabo. Ramin ƙarya ƙurarre ne: dole aka ce Tuttle ya mutu a bakin aiki, aka yi masa jawabin ta'aziyya.

Dalilan da suka sa wannan fage yake haifar da dariya a fili suke. Asibiti wuri ne na matsayi hawa-hawa, daga babban likita har mai gadi, amma farar riga takan rufe bambancin, baƙo ba ya sanin wa ya tara. Wuri ne na sirri, inda aikin kansa ya wajabta a ɓoye wasu maganganu, don haka ɓoyon halal da na haram sukan cakuɗe. Maza da mata suna kwana a bakin aiki tare, ga labule, ga ƙofofi, ga takardu masu wucewa daga hannu zuwa hannu. Bugu da ƙari, mutuwa tana kusa, kuma ɗan Adam ya fi buƙatar dariya a inda tsoro yake. Haka Samanja, wato marigayi Usman Baba Pategi, ya sami abin wasansa a barikin soja, inda tsanani da oda suka yi yawa.

Sai dai kuma wannan dariya tana da sharaɗi, shi ne a kawar da idon mai kallo daga kan gado. Muddin ana ganin fuskar majinyaci, wasiƙar da ta ɓata a aljihu ta daina zama abin dariya. Ƙwararrun marubuta sun san haka, shi ya sa M*A*S*H yakan katse shashancin likitocinsa da ƙarar jirage masu saukar ungulu ɗauke da waɗanda aka raunata, shi kuma C'est la vie, da yake an shirya shi ne don wayar da kai game da lafiyar uwa da ɗa, yakan komo ya nuna abin da sakaci ya jawo. Dattijuwar Timia ta riga marubutan ne kawai da ƴan mintoci. Ita ba ta iya jiran a komo.

Rashin haƙurinta kuwa yana da tushe. Mutumin Yamai ko Damagaram, idan ya tarar da ma'aikatan wannan gida suna rigima, yana iya tsayar da ɗan kabu-kabu ya nufi wani. Mutumin Timia, mai lambun lemu da rumman da dabino, ko matar da ke bin awaki a kwazazzabai, idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin gidan likita, sai dai a nemi mota a kama doguwar hanya. Idan ya isa birni, shi baƙo ne sau biyu: bai san kowa ba, kuma takardar da za a rubuta masa da Faransanci take, bayanin da za a yi masa da Hausa, ciwon kuwa da Tamajak yake jin sa. Rashin fahimtar da ake ƙagawa a talabijin don nishaɗi, shi a bakin ƙofa yake tarar da ita tana jiransa. Mazan garin da suka saba ratsa Tenere da ayarin raƙuma zuwa Bilma ɗaukar gishiri da dabino, sannan su gangara ƙasar Hausa neman hatsi, sun san cewa a tafiyar da babu rijiya kusa, gaba tsakanin mutum biyu takan zama masifar ayari duka.

Masana ma sun tabbatar da abin da talakawa suka daɗe da sani. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, sakamakon bincike a gidajen likita na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Sun nuna yadda ake fifita wanda ya san wani, yadda baƙon da ba shi da kowa yake shan wulaƙanci, da yadda ƙananan ma'aikata suke yin aikin da ba a horar da su a kai ba. Sun kuma nuna ƙuncin da su ma'aikatan suke ciki, na ƙarancin albashi da kayan aiki. Littafin yana da nauyi, amma mutum nawa ne suka karanta shi a Abzin? Korsa kuwa, duk wanda ya gan ta sau ɗaya ya gane ta, har ya ce ya taɓa haɗuwa da ƴar'uwarta.

A nan ne amfanin wasan yake, kuma malamin bai yi niyyar daina kunna shi ba. Ƙasar da ta riƙe wasan taubasantaka, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, ta san cewa akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa sai da raha. Majinyaci ba ya iya ɗaga murya a gaban mai riƙe da allura, domin gobe ma wurinsa zai dawo. A gaban akwatin talabijin kuwa bakinsa yakan buɗe. Malamin ya lura cewa duk daren da aka kalli Korsa, sai hirar bayan kallo ta fi kallon tsawo, mata su yi ta fito da abubuwan da suka haɗiye shekaru. Irin aikin da Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya yi da ƙungiyarsa a Télé Sahel ke nan: a sa mutane dariya da halin da suke gani kullum a ofis da kasuwa, har su iya kiran sunansa. Ma'aikacin lafiya na kirki, kuma suna da yawa, waɗanda suke kwana a ƙauyuka babu wuta babu mai canjinsu, shi ma yakan sami madubi a ciki ba tare da an ci masa fuska ba.

Da ƙarshen shekarar karatu ya matso, aka ce kowane aji ya shirya wasan kwaikwayo don bikin rufe lakwal. Malamin ya ba ƴan ajinsa labarin majo da ma'aikaciyar jinya da mai shara, bai gaya musu inda ya samo shi ba. Yara suka rarraba matsayi da murna, kowa na son ya zama mai shara. Abu ɗaya ya gindaya musu: yarinyar da za ta fito a matsayin tsohuwa marar lafiya za ta kwanta ne a gaban fage, kusa da ƴan kallo, kuma ba za ta tashi ba daga farko har ƙarshe. Duk sanda rigima ta yi zafi, za ta ɗaga hannu ta nemi ruwa da Tamajak.

Ranar bikin, iyaye suka cika filin lakwal, tsohon barikin Faransawa yana bisa dutse a bayansu. An yi dariya sosai, musamman wurin da majo ya kau da kai daga takarda. Amma a karo na uku da yarinyar ta ɗaga hannu, dariyar ta ragu, wata uwa daga cikin taro ta daka wa majo tsawa ta ce ya juya ya dubi bayansa. Yaron ya rikice, ya mance abin da aka koya masa, ya ɗauki buta ya durƙusa ya ba ta ruwa. Wannan ba ya cikin tsarin wasan, amma malamin bai gyara masa ba.

Da aka watse, dattijuwar nan ta biyo ta kusa da shi tana dogara sanda. Ta ce, "Mushe, tsohuwar nan ta wasanku, ta tashi kuwa?"

Ya ce, "Ta tashi, Inna. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya."

Ta dube shi ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya jiƙanta." Ya ce amin.